Yaron da kansa ba ya ja sosai, a kai shi jami'a ko a ba shi jari?

Alhaji Mai Goro: Salamu alaikum yan gida. Akwai maganar dake cina tun fitowar sakamakon bak, jarabawar gama sakandare tamu ta nan Kamaru, nasan wasu zasu ji haushi amma dai bari in fada. Duk uban da dansa ya samu yanzu rawar kai yake wai sai fak, wato jami'a, har wanda unguwa duka ta san da kyar da sidin goshi ya haye, ya maimaita aji nan ya maimaita can, probatuwar ma, jarabawar da ake yi kafin bak, saida aka sha fama. To ni tambayata, yaron da Allah bai bashi kan karatu ba meye amfanin a kwashi kudi a kaishi jami'ar Ngaundere dake Dang ko ta Marwa yaje ya zauna shekara uku hudu? Ba gara a hada kudin nan a bashi jari ba ya shiga kasuwa tun da sauran karfinsa? Ni a ganina jami'a ta masu kwakwalwa ce, sauran kuma Allah ya ajiye musu rabonsu a wani wajen. Malaman boko na zauren nan ku fito ku fahimtar dani

Dan Kilando: Wa alaikumus salam Alhaji. Wlh ka fadi gaskiya, ni shaida ne, bari in sauke fasinja zan dawo

Malamin Lissafi: Alhaji barka da war haka. Kafin a yi nisa ina so mu san wane yaro muke magana a kai. Yaron da ya tashi a gida ana Hausa, ya fita layi ana Fulatanci, ya shiga lekol, wato makarantar boko, aka ce daga yau komai da Faransanci, kuma a haka ya ci CEP ta gama firamare, ya ci BEPC ta tsakiyar sakandare, ya haye probatuwar, ya haye bak, ko da maimaici ne, ni ba zan ce ba shi da kai ba. Jarabawar ƙasa huɗu ke nan fa, da harshen da ko uwarsa ba ta ji. A ajina na ga yara da yawa da ake cewa ba sa ganewa, in na juya musu tambayar da Hausa ko Fulatanci sai su ba ni amsa nan take. Lissafin suna da shi, Faransancin ne ya tare hanya. Amma ban musa maka ba, akwai waɗanda da gaske fahimtarsu a hankali take tafiya, abin da wani zai kama a zama ɗaya su sai an yi ta maimaitawa. Su ma ina da su kowace shekara.

Alhaji Mai Goro: Yauwa Malam, su nake nufi. Na biyun nan

Maman Iklima: Alhaji da girmanka amma a nan kam ban bi ka ba. Kana magana kamar kasuwa wajen hutawar marasa kai ne, alhali kai kanka ka fi kowa sanin kasuwa tafi aji neman kwakwalwa. Wanda zai rike farashi a ka, ya gane mai zuwa da cuta tun daga sallamarsa, ya san wa zai ba bashi wa zai hana, ya san lokacin da naira ta fadi kaya zasu yi araha ta wajen iyaka, wannan ai sai mai kaifi. Dan yayata haka akayi, akace karatu ba nasa bane aka bude masa shago, ba'a rufa shekara ba abokai da yan uwa suka cinye shi da bashi, shi kuma kunya da rashin wayo baya iya cewa a'a, littafin bashin ma bai iya rikewa ba. Yaro mai wayo ko ka jefa shi tasha ba takarda ba jari zai nemo abinci. Wanda bashi da wannan wayon shine takarda ke yiwa rana, ya samu aikin da aka tsara masa abinda zai yi daga safe zuwa yamma, karshen wata albashi ya shigo, ba mai zuwa ya yaudare shi

Hajiya Tela: Maman Iklima Allah ya biya ki. Dinki ma haka ne, ana turo min yan mata ace ai bata gane karatu ki koya mata keke, kamar awo da yanka ba lissafi bane

Alhaji Mai Goro: To Hajiya aikin yana ina? Aikin albashin da kike fada yana ina? Masu lisans, wato digirin farko, nawa ne ke tuka moto, babur din haya, a Garwa

Dan Kilando: Na dawo. Alhaji ni ba lisans gareni ba amma na dandana fak. Na samu bak dina pasabul, wato da matakin cin na kasa, konkur, jarabawar gasar shiga manyan makarantu, na gwada ban samu ba, sai akace to shiga droit, fannin shari'a, tunda nan ba'a tace mutane. Ranar farko na shiga amfi, babban zauren karatu, na ga mutane har bakin taga, in baka zo tun asuba ba baya zaka zauna, malam yana can gaba da makirfo yana zuba kamar rediyo ba mai ce maka ka gane ko baka gane ba. A lise, wato sakandare, ko banza malami ya san sunanka, in ka fadi zai kira ka ya ce me ya faru. Can babu wanda ya san kana raye. Ni kuma irin mutanen nan ne da sai na tambaya sau biyu sau uku kafin abu ya zauna, wa zan tambaya? Sai bashin darussa ya fara taruwa, ratarafaj kan ratarafaj, wato sake jarabawar abinda ka fadi, na haura shekara ta biyu da bashin ta farko a wuya, ga kudin daki ga abinci tsoho yana ta aikowa yana zaton ana cigaba. Karshe na tattaro na dawo. Yanzu in naje neman aiki abinda ke hannuna bak ne, shekarun can ba wanda yake kirga min su, ko rabin takarda ba'a bayarwa. Sa'o'ina da suka shiga kasuwa tun lokacin wasu sunyi aure sun gina daki

Alhaji Mai Goro: Kun ji ko. Allah ya sa albarka a moton ka dana

Maman Iklima: Allah sarki kanena. Amma ka lura ba jami'a ce ta cuce ka ba, inda aka jefa ka ne

Dan Kilando: Yaya ai duk daya ne a wajen wanda abin ya fadawa

Ɗan Tattali: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na daɗe ina karantawa, bari in saka baki tunda wannan tambayar masana tattalin arziki sun yi shekaru suna faɗa a kanta, kuma abin mamaki maganar Maman Iklima tana da masu goyon baya a cikinsu. A 2010 wasu masu bincike biyu a Amurka, Jennie Brand da Yu Xie, sun bi rayuwar dubban mutane tun suna makaranta har suka girma suna aiki, suka gano cewa waɗanda tun farko ba a sa ran za su je jami'a ba, saboda talaucin gida ko raunin maki, in suka je suka gama su ne ribar ta fi yi wa yawa. Ba wai sun fi haziƙai samun kuɗi ba, a'a. Tazarar da ke tsakanin rayuwarsu da takarda da rayuwarsu ba takarda ce ta fi faɗi. Haziƙi ɗan masu hali ko bai je ba yana da wasu ƙofofi.

Akwai wani kuma da ya fi burge ni, Seth Zimmerman, 2014. Wata jami'ar gwamnati a jihar Florida tana da iyakar maki, in ka kai a ɗauke ka in ka gaza ko da ɗan kaɗan ne a bar ka. Sai ya kwatanta waɗanda suka haye layin da ƙyar da waɗanda suka rasa da ƙyar, wato yara masu kai kusan iri ɗaya, bambancinsu sa'a kawai. Bayan shekara 8 zuwa 14 da gama sakandare, waɗanda aka ɗauka suna samun kuɗin da ya fi na ɗayan ɓangaren da kusan kashi 22 cikin ɗari, kuma ribar ta fi fitowa a wajen maza da 'ya'yan talakawa. Waɗannan fa su ne na can ƙasan jerin waɗanda aka ɗauka, irin masu pasabul ɗinmu.

Alhaji Mai Goro: Amurka kace ko? Dana a Amurka in ka gama aiki na jiranka. Kawo min na garin Gidar ko Mokolo

Malamin Lissafi: A nan ina bayan Alhaji kaɗan. Kuma Ɗan Tattali ka faɗi gaskiya duka, ba duk masanan ne suka yarda da wancan ba.

Ɗan Tattali: Haka ne Malam, ban ɓoye ba, ina zuwa ne. James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2000, shi da abokan aikinsa sun fitar da nasu a 2011 suka ce akasin haka, wai waɗanda dama suka fi kama hanyar jami'a su ne suka fi cin ribarta, in aka ci gaba da faɗaɗa ƙofa ribar waɗanda ake ƙarowa tana raguwa. To ka ga manya ma ba su daidaita ba. Amma abin da ni na fahimta, labarin Dan Kilando shi ne tsakiyar maganar. Ribar tana manne da gamawa. A tsarin LMD, wato lisans, masta, dokta, da jami'o'inmu ke bi tun wajen 2007, lisans shekara 3 ce, kiredi 180, wato makin da ake tarawa in an ci darussa, wanda ya tara 100 ya tsaya a idon mai ɗaukar aiki shi da wanda bai taɓa taka fak ba ɗaya suke, har ma wanda bai je ba ya fi shi tunda bai ɓata shekaru ba. Kuma yaro mai jinkirin fahimta shi ya fi kowa haɗarin tsayawa a hanya. Wato shi ne zai fi cin riba in ya gama, shi ne kuma ya fi kusa da rashin gamawa, abin da ya sa shawarar take da wuya ke nan.

Dan Kilando: Wannan ita ce magana. Da wani ya zaunar da tsoho ya fada masa haka

Goggon Yara: Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ina da tambaya. Duk maganarku dan namiji dan namiji. Yarinya fa? Mu nan in yarinya bata da kokari ko BEPC ba'a bari ta kai, ace ai gara a aurar da ita, namiji kuwa ko ya maimaita sau nawa ana ta biya. Ina da jika da take tafiya a hankali amma bata taba fashi ba, littafinta tsaf, malamanta na yabon natsuwarta, ubanta yace kudin makarantar kiwon lafiya yayi yawa ga wadda ba ta daya take zuwa ba. Nace masa ranar da matarka ke nakuda kana neman mace ta duba ta, ta daya a aji kake tambaya ko wadda zata tsaya da ita har gari ya waye

Sista Mai Allura: Goggo kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ina aikin nan shekaru, kuma wlh waɗanda na fi yarda in bar musu majinyaci da dare ba lallai su ne masu manyan maki ba. Aikinmu yawancinsa bin ƙa'ida ne, awo a kan lokaci, rubuta abin da ka gani, wanke hannu, kada ka yi gaban kanka. Mai jinkiri da ya san yana da jinkiri yakan duba sau biyu kafin ya ɗura magani. Ban ce kai ba shi da amfani ba fa, lissafin awon magani na yara ba wasa ba ne, wanda ya kasa shi sam bai kamata a ba shi allura ba ko ɗan waye. Amma tsakanin haziƙi da wanda ya kasa sam akwai jama'a da yawa, kuma su ne ke riƙe da asibitocin ƙauye.

Sannan don Allah iyaye, kafin a yanke wa yaro hukunci a duba lafiyarsa. Yaron da zazzaɓin sauro ke kayarwa kowace damina, ga ƙarancin jini, ga zuwa aji ba karin kumallo, wani kunnensa ne ke ruwa tun yana ƙarami ba ya jin rabin abin da ake faɗa, wani allon ne ba ya gani. Akwai kuma matsalar da ake ce wa disleksi, yaro yana da hankalinsa sarai amma haruffa ke rikice masa. Duk waɗannan a unguwa suna ɗaya ake ba su.

Na Kusiri: Jam na jama'a. Ni abin da nake gani a nan bakin gada, yan Cadi suna tsallakowa daga Njamena suna tafiya har Marwa da Ngaundere karatu, iyayensu na saida dabbobi suna biya, mu da abin ke kofar gidanmu muna ta jayayya. Da can fa duk arewa jami'ar Ngaundere ce kadai, tun 1993, sai 2008 aka bude ta Marwa, ta Garwa kuwa 2022. Dan Garwa yanzu zai iya kwana gidan ubansa yaci tuwon uwarsa yaje fak. Kudin rajista sefa dubu 50 ne a shekara kuma ana biya kashi biyu. Alhaji wane jari zaka bada da dubu 50

Alhaji Mai Goro: Kai dan Kusiri kar ka maida ni yaro. Dubu 50 ita ce karama a ciki. Daki fa? Abinci fa? Fotokofi, moto kullum, waya, kudin TD na darussan atisaye, ga wai sai da kwamfuta. Kuma shekarun da zai yi baya kawo ko dala gida ka sa su a lissafi? Tun da aka soke kudin tallafin da gwamnati ke ba dalibai a 93 uba ne ke dauka duka

Na Kusiri: To ai shi yasa nace wanda ke kusa da gida

Alhaji Mai Goro: Ba kowane fanni ke kusa da gida ba

Alaramma: Salamu alaikum. Ni ba ruwana da fak amma na san karantarwa. A tsangaya akwai yaron da ake biya masa sau ɗaya ya riƙe, akwai wanda zai wanke allo bayan sa'o'insa sun yi nisa. Abin da na gani da idona, da yawa cikin masu saurin nan saurin zubarwa gare su, mai wahalar kuma in ya riƙe ya riƙe ke nan. Sai dai mu muna da abin da ku ba ku da shi, ba ma cewa kowa sai ya sauke a shekara kaza. Kowa da allonsa. Ku kuwa kun tara yara ɗari a ɗaki kun ce duk su isa rana ɗaya, wanda bai isa ba ku ce ba shi da kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Malamin Lissafi: Allah gafarta Malam, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma a boko daɗewar tana da farashi. Konkur na aikin gwamnati duk suna da iyakar shekaru. Yaron da ya shiga lekol a makare, ya maimaita sau biyu sau uku, ya samu bak yana da 23 ko 24, in ya ƙara shekara biyar yana jan lisans, yana fitowa ƙofofin suna rufewa. Shi ya sa ni in uba ya zo min da irin wannan yaron ba na ce masa kar ya ci gaba, kuma ba na ce masa ya tura shi babban amfi. Ina ce masa ya nemi gajeren karatu mai aikin hannu a ciki. BTS, takardar ƙwarewa a sana'a, shekara 2 ce bayan bak. IUT ta Ngaundere, cibiyar fasaha ta jami'ar, ita ma akwai na shekara 2, sai dai da konkur ake shiga. Ga makarantun horon malaman firamare, ga na ma'aikatan lafiya, ga na noma da kiwo. Aji ƙarami, malami ya san fuskarka, ana zuwa staj, wato koyon aiki a ma'aikata, a taɓa abu da hannu, kuma ƙarshen yana kusa, yaro yana hango shi. Wanda ya gama ya ga da sauran ƙarfi sai ya ɗora lisans ta sana'a a kai. In bai iya ba ya riga ya riƙe wani abu.

Dan Kilando: Malam BTS a makarantun kudi ake yi mafi yawa, kudinsa ya ninka na fak sau nawa. Talaka dole amfi zai tura, shi yasa muke cika can

Malamin Lissafi: Wannan gaskiya ne kuma shi ne abin da ke ba ni haushi a tsarin gaba ɗaya. Wurin da ya fi dacewa da mai rauni shi ne mai tsada ko mai konkur, wurin da ya fi kashe shi shi ne mai araha da ƙofa a buɗe. Haziƙi ya ci konkur ya shiga aji na mutum 40 ana kula da shi, wanda ya fi buƙatar kulawar an tura shi cikin taron da ko sunansa ba za a sani ba.

Hajiya Tela: Kuma tun daga kasa ake bata abin. Yaro in an ga hannunsa yafi kansa sauri me zai hana a kaishi lise teknik tun daga farko yayi CAP, takardar sana'a ta farko, ya wuce har bak na teknik, lantarki ko gini ko kanikanci. Amma iyaye suna ganin kamar kaskanci ne, kowa so yake ace dansa na seri C ko D, bangaren kimiyya

Ɗan Tattali: Akwai wani abu da ba mu taɓo ba. Muna magana kamar ƙwaƙwalwa abu ne da aka auna aka rufe tun haihuwa. Karatun kansa yana ƙara ta. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun tattara bincike da ya shafi mutum sama da dubu 600, suka ga kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ɗaga makin gwajin basira, wanda ake ce wa IQ, da maki 1 zuwa 5. A Norwe ma da gwamnati ta ƙara karatun dole daga shekara 7 zuwa 9 a shekarun 1960, an ga tasirin a gwajin da ake yi wa samari lokacin shiga soja. Shi kansa gwajin, Alfred Binet da ya fara shi a Faransa a 1905 ya yi shi ne don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, ba don a kore su ba.

Malamin Lissafi: Na Norwe yara ne 'yan sakandare ba 'yan jami'a ba, kar mu ja shi ya wuce inda ya tsaya. Kuma sai in ana koyon wani abu a shekarar. Zama a bayan amfi kana kwafar abin da ba ka ji ba, ban san me zai ƙara ba.

Ɗan Tattali: Na karɓa Malam.

Alhaji Mai Goro: Ni duk wannan IQ din ban san shi ba. Abinda na sani makwabcina dansa yayi masta yana gida yana jiran abinci

Maman Iklima: Alhaji kai kuma kullum wanda ya zauna kake gani. A 2011 da gwamnati ta dauki matasa dubu 25 aiki wa aka dauka, ba masu takarda ba? Kungiyoyin agajin nan da suka cika Marwa da Mokolo da Mora tun da rikicin Boko Haram ya fara, in suka lika sanarwa ko mai rubuta sunaye suke nema sai kaga an sa bak da karatun shekara 2 a kai. Yaranmu sun fi kowa jin yaren mutanen amma sai a kawo wani daga kudu saboda shi ke da takardar, namu ya zama mai fassara ko direba. Sodecoton ma, kamfanin auduga, in zata dauki mai kula da manoma takarda take tambaya. Ranar da kofa zata bude ba'a sanarwa tun shekara uku kafin nan balle kace bari in je in yi karatun

Alhaji Mai Goro: Kuma kofar sai da wanda ya tsaya maka, kar mu yaudari juna

Maman Iklima: Ko wanda zai tsaya maka sai ya ce kawo takardunka

Admin: Jama'a a ci gaba amma banda kiran sunan kowa ko dan kowa, na goge sako biyu. Useko

Baban Walid: Salam. Tun dazu nake karantawa ina jin kamar ba da ni ake ba. Ku kuna maganar wanda ya samu bak da kyar. Nawa yaron shekararsa 15, likita ya tabbatar yana da tawayar fahimta tun haihuwa, yana karanta kalmomi kadan, yana kirga kudi in basu da yawa, yana da hankali da ladabi kuma duk abinda aka nuna masa da hannu yana rikewa. CEP ma bamu samu ba. Irinsu fa ina zasu

Sista Mai Allura: Baban Walid Allah ya raya shi ya ba ku lada. Abu na farko in ba ku yi ba, ku je ofishin afer sosiyal, wato na jin daɗin jama'a, na yankinku da takardar likita ku nema masa katin naƙasa. Akwai dokar 13 ga Afrilu 2010 ta kare masu naƙasa, ta haɗa da masu tawayar ƙwaƙwalwa, a cikinta akwai sassaucin kuɗin makaranta da ɗage iyakar shekaru. Iyaye da yawa ba su san da ita ba, wasu kuma kunya ke hana su, suna ɓoye yaro a gida.

Malamin Lissafi: Ba zan yi maka daɗin baki ba ɗan'uwa, jami'a ba hanyarsa ba ce, kuma duk binciken da Ɗan Tattali ya kawo ba a kan irinsu aka yi ba. Amma karatu bayan firamare ba jami'a kaɗai ba ne. Ka duba SAR/SM mafi kusa da ku, cibiyoyin koyon sana'a ne na gwamnati, shekara 2, kafinta, gini, ɗinki da makamantansu, yawancin aikin da hannu ne. Ka je da kanka ka ga shugaban wurin ka gaya masa halin yaron kafin ka kai shi, don wani wurin za su karɓe shi hannu biyu wani wurin yara za su mai da shi abin tsokana.

Hajiya Tela: In kuma sana'ar gida za'a sa shi a zabi maigida mai hakuri ba mai duka ba, kuma abu daya a koya masa har ya kware kafin a kara wani. Ina da wata irin haka a shago, guga da sa maballi da aikin dutse a mayafi duk ita ke yi, ba mai taba mata. Kudinta kuma uwarta nake ba a hannu duk sati saboda yan unguwa

Baban Walid: Na gode kwarai. Katin nan a Garwa ake yi dole ko a Gidar ma zasu karba

Sista Mai Allura: Ku fara da ofishinsu na nan Gidar, su za su gaya muku inda takardun za su bi. Ku tafi da takardar haihuwarsa da hotuna, kuma takardar likitan ta zama ta asibitin gwamnati.